Shekara 6 Baffana yana kulle a ɗakin gawayi, ku ba ni shawara

Admin Hauwa: Salama jama'ar gida. Wata 'yar uwarmu ce ta turo wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta. Dan Allah duk wanda ya zagi iyayenta zan cire shi ba tare da gargaɗi ba. Ga saƙon yadda ta rubuto:

"Assalamu alaikum admin a ɓoye sunana. Wallahi abin nan ya daɗe yana cina, yau na kasa barci na ce bari dai in rubuto ko Allah zai sa a dace. Ƙanin mahaifina ne uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Ƙarami muke ce masa. Tela ne, shi ya riƙa ɗinka min kayan makaranta tun daga aji ɗaya har na gama firamare, in ya samu ƙyalle ya rage sai ya yi wa 'yar tsanata riga. Ciwon ya fara masa yana wajen shekara 27, ya daina barci, ya ce ana yi masa magana ta cikin rediyo ko a kashe take, ya ce maƙwabcinmu ya binne masa abu a ƙofar shago. An yi ruƙiyya an yi rubutu an yi hayaƙi, aka kai shi wajen wani mai magani a ƙauye ya yi wata huɗu ya dawo da shatin bulala a gadon baya. Ranar da ya fasa gilashin motar wani mutum a layinmu aka biya kuɗi, ranar Babanmu da babban wansu suka sa shi a ɗakin da kakarmu take ajiye gawayi, aka sa masa mari a ƙafa aka garƙame da kwaɗo, aka ce na kwana biyu ne kafin ya lafa. Bana shekara 6 kenan. Ta taga ake miƙa masa abinci a roba, bokiti ɗaya ne a ciki ake kwashewa in an tuna, zafi da sanyi duk a nan yake yinsu. Yaran gidan in sun yi rashin ji sai a ce za a kai su wajen Baffa.

Na yi aure na bar gidan, da sallar nan na je na tsaya jikin tagar na gaishe shi, ban zaci zai amsa ba sai ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi ina ƙarama, ya ce ina Inna, wato mahaifiyarsa kakarmu, kwana biyu bai ji muryarta ba. Jama'a Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gaya masa. Ban san lokacin da na ce masa ta je unguwa ba. Na yi wa Babanmu maganar asibiti ya ce ni yarinya ce, wa zai riƙe shi in ya tashi, ina kuɗin, kuma ƙannena mata uku ba su yi aure ba so nake a yi ta nuna gidanmu da baki. Mijina ya ce in kira 'yan kare haƙƙin ɗan Adam, ni kuma ina tsoron a kama mahaifina ya yi min baki. Ya zan yi?"

Ummu Khairat: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wajen nan na Inna ta je unguwa ya sa ni hawaye wallahi

Sadiq Kurna: wlh wannan zalunci ne kawai babu wani kwana kwana, akuyar gidan ma nasan ana kwance ta taje kiwo. yar uwa ki kira yan sanda gobe goben nan, biyayya ga iyaye bata kai nan ba. kun manta watan Agustan 2020 ne? anan Kano cikin yan kwanaki aka fito da wani daga garejin mota a Farawa shekara 7 a kulle, aka fito da wani a Sheka ance shekara 15, a Rogo aka samu dattijo an daure shi a turu wajen shekara 30, ga yaron nan na Birnin Kebbi da aka daure a turken dabbobi. duk wadannan ba yan gida bane suka bude kofa. inda anyi ta jiran iyaye su gane da gawa za'a fitar

Alhaji Tanko: Sadiq sannu da ƙoƙari, amma da ganin rubutunka ba ka taɓa kwana gida ɗaya da mai wannan lalura ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ƙanina ya taɓa ɗaukar taɓarya ya maka wa mahaifiyarmu a kafaɗa, tsohuwa mai shekara sama da 70, har ta koma ga Allah hannun nan bai ƙara ɗaguwa sosai ba. Daren nan ni da hannuna na ɗaure shi, ina ɗaurewa ina kuka, kuma in da za a mayar da ni daren zan sake ɗaurewa. Ku masu cewa zalunci, da ya fita ya illata ɗan wani, ku ɗin dai ne za ku ce me ya sa ba su killace mahaukacinsu ba. Mahaifinta ba azzalumi ba ne, mutum ne da abu ya fi ƙarfinsa aka bar shi shi kaɗai.

Zainab M.: Alhaji Allah ya jiƙan Hajiya. Amma tambaya ɗaya, kai shekara nawa ka bar naka a ɗaure?

Alhaji Tanko: Kwana tara. Da na sayar da buhun wake biyu muka kai shi Kaduna, asibitin Barnawa.

Zainab M.: To ka gani Alhaji, kai ma ka ba da amsa. Kwana tara da shekara 6 ai ba ɗaya ba ne. Ba wanda ya ce a bar mutum yana riƙe da taɓarya a yi ta yi masa murmushi, ɗaurin dare ɗaya don a tsare rai daban, a mayar da kwaɗo ya zama shi ne maganin kuma daban. Ni abin da ya fi ƙona min rai maganar auren ƙannen nan ce, wato an sayi mutuncin gida da rayuwar mutum ɗaya, kuma abin dariyar ma duk layin sun sani, wace unguwa ce za a kulle mutum shekara 6 mai kai markaɗe bai sani ba? Kowa ya sani kowa ya yi shiru, su kuma suna ganin sun rufa asiri.

Alhaji Tanko: Ban ce shekara 6 daidai ba ne. Cewa na yi a daina yi wa mutane hukunci daga kan katifa. Kuma bayan Barnawa ɗin kin san sau nawa ya koma? Sau uku, duk lokacin da kuɗin magani ya yanke ciwo ya dawo sabo.

Maman Walid: Allah ya kyauta, Allah ya ba shi lafiya. Mu dai Allah kar ya jarrabe mu da abin da ba za mu iya ba

Bala Nas: Salamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, shekarata 14 a wannan aiki, bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri. Ba zan ce ga sunan ciwonsa ba tunda ban gan shi ba, amma abin da kika lissafa, farawa a shekarun samartaka, rashin barci, jin muryoyi, zargin ana bin sa da sharri, kullum muna ganin irinsa kuma yana jin magani. Ba na cewa kowa yana warkewa sarai, wasu za su sha magani ne tsawon rai kamar mai ciwon suga ko hawan jini, amma da yawa suna komawa sana'arsu har su yi aure.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne ɗakin da kansa ciwo ne. Ki ɗauki mai cikakken hankali ki kulle shi wata uku a duhu ba mai yi masa magana ki ga yadda zai fito. Wanda ake kawo mana bayan shekaru a mari, kafin mu fara maganar ƙwaƙwalwa sai mun yi fama da jiki tukuna, ƙafa ta ƙage ba ta miƙewa, gyambo a idon sawu inda ƙarfen yake ci, ƙarancin jini, ƙazuwa, wani lokaci har da tarin fuka, ido ba ya son haske. Sai an haɗa da masu gashin ƙashi wata da watanni kafin wani ya iya taka ƙasa. Duk wannan ba haukan ne ya jawo ba, mu ne.

Maganar wa zai riƙe shi in ya tashi, gaskiya ce kuma tambaya ce mai kyau, ba a raina ta. Amma yawancin masu wannan lalura ba sa dukan kowa, su aka fi duka ma. Wanda ya yi faɗa galibi tsoro ne ya sa shi, yana ganin za a kashe shi ne, in aka taru a kansa da igiya da ihu sai abin da yake tsoro ya tabbata. Ranar da za ku fito da shi kar a tara jama'a, mutum biyu ko uku da ya yarda da su, ke ki kasance a ciki tunda ya gane ki, a gaya masa gaskiya inda za a je. Kafin ranar ma wani ya fara zuwa asibitin ya yi bayani, za su gaya muku yadda za a yi, in da buƙatar allurar da za ta kwantar da shi su za su yi. A Kano akwai Dawanau da ɓangaren ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai Barnawa, Zariya akwai Shika, Sakkwato akwai Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya.

Kuma dan Allah kar a je kemis a ce a ba da maganin mahaukata. Ana yi wallahi, a sayo Largactil a riƙa zuba wa mutum a koko ba awo, ya yi ta barci miyau na zuba wuya ya sanƙare, sai a ce aljanun ne suka murɗe shi, alhali illar maganin ce kuma akwai yadda muke gyara ta.

Sadiq Kurna: Nas Allah ya saka, amma likitocin nawa ne ma a kasar? naji ance basu kai 300 ba a mutum sama da miliyan 200 kuma kullum guduwa suke waje

Bala Nas: Haka ne Sadiq, ƙungiyar likitocin da kanta ta sha faɗin haka, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Shi ya sa nake tausaya wa na ƙauye, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a daina zuwa. Amma ga abin da Alhaji Tanko ya faɗa na yankewar magani, akwai allura ta wata-wata, ga wanda ba ya yarda da ƙwaya ko ake mantawa, sau ɗaya a wata an gama. Ku tambayi likita ko ta dace da shi. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol kuma ba su kai sababbin tsada ba, ku faɗa wa likita ƙarfin aljihunku kar ku ji kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan magani ba ya aiki a kwana uku, a ba shi sati biyu zuwa shida, nan ne mutane suke karaya su ce na asibiti bai karɓe shi ba.

Dr Maganin Gargajiya Sahihi: Ina da haɗin da yake raba mutum da hauka kowace iri cikin kwana 7 da yardar Allah, aljani ko sammu ko na gado, a tuntuɓe ni ta

Admin Hauwa: Na goge lambar kuma na cire shi. Mutane suna kuka kai kana talla.

Hajara Gwammaja: ni dai gaskiya ina ganin kar a cire maganar jinnu, mutum yana zaman zamansa da sana'arsa rana daya ya birkice kuma yace an binne masa abu, ai biri yayi kama da mutum. asibiti basa ganin wannan a na'ura

Malam Habu: Hajara, ba mu musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, ruƙiyya kuma sunna ce. Amma ruƙiyya karatu ne da addu'a, a ina aka ce a haɗa da dorina? Shatin bulalar da ke bayan bawan Allahn nan a jikin aljani yake ko a jikinsa? Kuma shekara 6 ana abu ɗaya ba canji ai ko makaho ya san hanyar ba ta ɓulle ba. Manzon Allah SAW ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, bai ce maganin yana hannun malamai kaɗai ba. A yi addu'a a sha magani, ba kishiyoyi ba ne.

Ga mai tambaya kuma, 'yata ki saurara. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi, gilashin da ya fasa ba a rubuta masa ba. Amma mu da muke da hankali ba a ɗauke mana ba, kowace rana ta ɗakin nan akwai wanda ake rubuta wa. Hadisi ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa fa. Don haka in kin yi ƙoƙarin fitar da Baffanki ba saɓa wa mahaifinki kika yi ba, ceton sa kike yi, sai dai a bi ta hanyar ladabi, kar ki ɗaga masa murya kar ki kunyata shi a gaban 'ya'yansa. Tambaya ɗaya nake da ita, da kakarku ta rasu an raba gado? Ina rabonsa?

Mai tambaya (ta hannun admin): Malam an raba. Akwai gona da aka ce tasa ce, babban wansu ne yake nomawa, kekunan ɗinkinsa biyu kuma an sayar tun shekarar farko. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai yanzu da ka tambaya.

Zainab M.: Tabɗi. Ashe biri ya yi kama da mutum ɗin a nan yake Hajara

Malam Habu: A'a Zainab kar mu yi saurin zargi, wataƙila da amfanin gonar ake ciyar da shi. Amma hukuncin a fili yake, taɓin hankali ba ya hana gado, dukiyarsa tasa ce, wanda ya riƙe amana ya riƙe. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta ce a ciyar da su daga cikinta a tufatar da su a gaya musu magana mai daɗi. To in akwai gona maganar ina kuɗin ta faɗi, a sayar da amfanin bana a kai shi asibiti, in ta kama a jinginar da wani yanki a jinginar, don wannan ranar aka ajiye ta.

Barista Kabir: Ta fuskar doka a taƙaice. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, na 35 ya ba kowa 'yancin walwala, kuma tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, ba a ware wa iyaye ko 'yan uwa ba. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da muka gada daga Turawa, ita waccan kallon abin tsarewa take yi wa mara lafiya, wannan kuma ta ba shi haƙƙoƙi. A takarda kenan. Shawarata ta gaskiya, kar 'yan sanda su zama matakin farko. A shari'ar Farawa da Sadiq ya kawo an kama uban da matar uban, an yi ta yawo da bidiyo, to bayan an kashe kyamara wa zai riƙa kai mara lafiya asibiti duk wata? Dangin nan dai da aka kunyata. Ki fara da manyan gida, sai liman da mai unguwa, ki sa wa kanki wa'adi kamar sati biyu. In an ƙi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa tana da ofis a jihohi, kuma suna iya shiga tsakani ba lallai sai an kai kowa kotu ba.

Sadiq Kurna: barista sati biyu a dakin nan fa ba sati biyu bane a ofis dinka mai AC

Barista Kabir: Na yarda. Amma fitowar da za ta ɗore nake nema masa, ba wadda za a mayar da shi bayan wata uku a ƙara kwaɗo biyu ba.

Admin Hauwa: Wani ɗan gidan nan ya turo wannan shi ma ya ce a ɓoye shi:

"Ni an taɓa ɗaure ni. Wata 8 na yi a gidan mari, shekara biyu kafin a fasa na Rigasa a 2019 a fito da mutum sama da 300, da na ga hotunan a waya sai da na yi amai don na san warin wajen. Ni ba shaye-shaye nake ba, ciwo ne, amma a can ba a bambancewa, ɗan ƙwaya da mara lafiya da yaron da ya gagari uwarsa duk sasari ɗaya, safe da yamma bulala wai a fitar da shaiɗan. Abin da nake so masu irin wannan a gida su sani, muna ji. Duk abin da kuke faɗa a bakin ƙofa muna ji kuma muna riƙewa. Na ji lokacin da wata a danginmu ta ce gara Allah ya ɗauke ni kowa ya huta, yau in mun haɗu a biki har da cewa ɗan albarka, ina gaishe ta ban taɓa nuna mata ba. Ciwon yana zuwa yana lafawa, akwai ranakun da kake garau ka san sunanka ka san ranar Juma'a ce kana jin kiran salla, ka duba ƙafarka ka ga ƙarfe, waɗannan ranakun sun fi na haukan ciwo. Yayata mace ce ta sayar da 'yan kunnenta ta fitar da ni. Yanzu shekara 7 ina karɓar allura duk wata, ina da shagon gyaran waya da 'ya'ya biyu, matata ta sani tun kafin aure don ni na gaya mata da bakina. 'Yar uwa, tunda ya kira sunanki yana nan a ciki. Kuma ki gaya masa maganar Inna, ba yanzu ta taga ba, in ya fara samun sauƙi a zaunar da shi a gaya masa a kai shi kabarinta, haƙƙinsa ne ya yi kukan uwarsa."

Ummu Khairat: Ya Salam. Na kasa cewa komai

Alhaji Tanko: Bawan Allah ka sa na tuna maganganun da na yi a ƙofar ɗakin ƙanina cikin kwana taran nan. Yau zan kira shi.

Ɗan Damagaram: Mu ma nan Nijar haka abin yake, a ƙauyuka za ka tarda mutum ɗaure a gindin icce ko an saka mai ƙafa a turu. Babbar likita ta Yamai akwai wurin masu taɓin hankali da ake ce ma Pabiyon E, to sunan kaɗai ya zama zagi, in an ce wane sai Pabiyon E an gama da shi, shi ya sa mutane ke gudun kai nasu. Nan Damagaram ma ana duba su a babbar likita amma wanda ke can cikin daji kuɗin mota ya fi kuɗin magani

Fati Nima: A Gana ma akwai, wajen masu addu'a ake ɗaure su da sarƙa a jikin itace, Kirista da Musulmi duka. An yi doka 2012, a 2017 hukuma ta ce an hana ɗaurewa, amma har yau ana samu. Mu a Accra asibitin Pantang muke kai namu. Doka ita kaɗai ba ta kwance sarƙa sai in akwai inda za a kai mutum

Bala Nas: Fati kin faɗi gaskiya. Kuma abin takaici mu ne muka fara nuna wa duniya hanyar. A 1954 Farfesa Lambo a Aro ta Abeokuta ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan uwansa guda mai kula da shi, da safe a zo a karɓi magani a koma cikin jama'a, har masu maganin gargajiya ya jawo a jiki. Sama da shekara 70 kenan fa, mu kuma muna nan muna sayen kwaɗo. Wani abu da na manta, mata masu jego, in mace ta birkice cikin sati biyun farko bayan haihuwa, ba barci tana surutai tana ƙin jaririn, a garzaya asibiti ranar, wannan yana cikin waɗanda suka fi saurin warkewa, amma sai a kulle ta a ce mayu ne ko kishiya, wata har saki ake yi mata a ciki.

Hajara Gwammaja: wannan kam ya faru da yar makwabtanmu, kishiyar aka dorawa har yau basa magana. to Allah yasa mu dace, ni dai ban ce kar aje asibiti ba

Maman Walid: 'Yar uwa ba ku da Goggo? Irin wannan maganar 'ya ba ta iya faɗa wa uba ya ji, amma yayarsa mace in ta zauna ta kira shi da sunan yarinta ta ce wane ka ji tsoron Allah, wallahi jikinsa sai ya yi sanyi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, su ma sun sani, nauyin farawa ne ya yi musu yawa

Mai tambaya (ta hannun admin): Akwai Goggo babba, ita ce ta fari a ɗakinsu, tana aure a wani gari. Rabonta da gidan tun rasuwar Inna, ashe ma a kan maganar nan suka yi faɗa ta yi fushi ta tafi, yau na kira ta muka yi ta kuka a waya. Ta ce ranar Asabar tana hanya.

Admin Hauwa: Jama'a ga ƙarin bayani daga 'yar uwarmu, kwana 11 bayan saƙon farko:

"Goggo ta zo, ta taho da limamin masallacinmu, aka rufe ƙofa da su Baba wajen awa uku ban san me aka ce ba, na dai ga Babanmu ya fito idonsa ja bai kalli kowa ba. Babban wansu bai so ba har yanzu ma ba ya amsa gaisuwata, amma ya ba da buhu uku na masara daga gonar. Mukullin marin ya ɓata tun tuni sai da aka kira mai walda ya yanke, Baffa yana ta ba shi haƙuri wai kar a ɓata musu ƙarfe. Bai yi faɗa ba ko kaɗan, rufe ido kawai ya yi da hannu saboda rana. Ƙafar dama ba ta miƙewa ɗaukarsa aka yi zuwa mota, Babanmu ne ya riƙe kansa a cinya har asibiti. An ba shi gado, sun ce jininsa ya yi ƙasa sosai kuma akwai gyambo da sai an yi ta wankewa, likita ya ce kar mu sa ran canji da wuri. Jiya ya ƙi cin abinci ya ce an sa masa abu, sai da na ci a gabansa. Maganar Inna ba mu gaya masa ba tukuna, ya sake tambaya sau biyu. Matsalar yanzu mai kwana da shi, sun ce lallai namiji, mijina ya yi kwana uku aiki ya kira shi, ƙanina kuma yana jarrabawa. Sannan in an sallame shi Goggo ta rantse ba zai koma gidan nan ba, ita kuma ɗaki ɗaya gare ta."

Sadiq Kurna: in a Kano ne ni zan iya kwana biyu dashi alhamis da juma'a, admin ki bata lambata mijinta ya kirani

Bala Nas: Ki tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, kusan kowane babban asibiti yana da shi, wani lokaci suna rage kuɗi ko su haɗa ku da masu taimako. Kuma ku fara maganar gashin ƙafar tun yana kwance kar a bari sai an fita. Cin abincin a gabansa da kika yi daidai ne, ki ci gaba, kar ki yi masa gardama cewa ba a sa komai ba, ki ci kawai ki miƙa masa.

Alhaji Tanko: Akwai keken ɗinki na marigayiya matata a ajiye, Butterfly ne tsoho amma lafiyarsa ƙalau sai dai a sa mai a canja bel. In ya kai lokacin a yi min magana. Wace unguwa Goggon take, akwai ɗakin haya kusa da ita?